Gwajin Laimar Samar da Lantarki a Kwamfuta Cikin Hargitsin Iska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniyanci ne a Gombe. Na ji ana samar da lantarki da wata laima da ake tayarwa sama a ɗaure da igiya, kuma wai sai an fara kwaikwayonta a kwamfuta cikin iska mai hargitsi. Shin lissafi da matsakaicin gudun iska bai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ɗan'uwa. Laimar tana shawagi ne a tsayin ɗaruruwan mitoci, tana zana lamba takwas a kwance, tana jan igiyar da ke naɗe a jikin ganga a ƙasa, gangar kuma tana juya janareta. Idan igiya ta ƙare sai a karkatar da laimar, a naɗo ta da ɗan ƙarfi kaɗan, kamar mai jan guga, a sake sakinta. Wani injiniya Ba'amurke, Miles Loyd, ne ya kafa lissafin wannan dabara a 1980.

Matsalar ita ce iska ba ta tafiya da gudu ɗaya. Idan gudunta ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, jan da igiya ke sha yana ƙaruwa da kusan kashi 44, ƙarfin da ke cikin iskar kuma da kusan kashi 73. Idan kuwa ta lafa farat ɗaya, igiya ta saki, laimar na iya rikitowa ƙasa. Matsakaici yana ɓoye duka biyun.

Shi ya sa ake ƙirƙirar iskar da ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, daƙiƙa bayan daƙiƙa, da manhaja irin TurbSim ko tsarin lissafin Mann, sannan a sa laimar, igiyar da na'urar tuƙinta su ratsa ta sau da yawa. Sai dai an tsara waɗannan ne saboda injinan fanka masu hasumiya, don haka a yi hattara da su a can sama. Aikin yana da haɗari: kamfanin Makani na Amurka, mai samar da lantarki da laima mai siffar jirgi, ya yi asarar jirginsa mai kilowat 600 a gwajin teku a Norwe a 2019, aka rufe kamfanin a 2020.

Shawarata gare ka ita ce kada ka ɗauki iskar Turai ka ɗora wa Gombe. Wanda ya ga yadda iskar hadari ke ɗage rufin kwano kafin ruwan farko ya san ta bambanta da ta hunturu. Ka nemi awon iskarmu a tsayi daban-daban, dare da rana, kafin ka yarda da abin da kwamfuta ta nuna maka.