Amsa ga Yaya kan a-kori-kurar Amurka da wadda za ta yi maka a gida

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya jikin Baba kuma, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga tambayarka, ka ce kana gani a bidiyo a nan Amurka mutum da kwat ɗinsa da matarsa da 'ya'yansa sun shige a-kori-kura sun nufi biki, wai shin mu ma Hausawan da muka zauna a nan haka muke yi, sannan tunda riɗi da zoɓo sun yi albarka bana kana son ka sayi sabuwa dal wadda ba ta jijjiga mutum, in ma da hali in turo maka irin ta nan. Na ce bari in amsa a fili don ba kai kaɗai ne ka taɓa yi min wannan tambayar ba.

Abin da ka gani gaskiya ne, musamman a nan Texas inda muke. A nan a-kori-kura ba motar 'yan kasuwar ƙauye ba ce, likita na hawa, lauya na hawa, Ford F-Series kuwa tun 1977 babu wata motar bodi da ta kai ta ciniki a ƙasar. In ka leƙa ciki kujerun fata ne, esi gaba da baya, kujerar ma tana ɗumama maka baya lokacin sanyi, wurin miƙe ƙafa a gidan baya ya fi na Camry. Amma leƙa bodin ka gani, wayam, wani zai shekara bai ɗora ko buhu ɗaya ba sai keken yara da ledar cefane. To riƙe wannan, don a nan duk maganar take.

Mu Hausawa kam gaskiya ba mu cika saye ba. Je ka masallacin Juma'a ko taron suna ka duba wurin ajiye motoci, Sienna ce da Camry da Corolla da Highlander, kusan duk Toyota sai 'yan Honda jefi-jefi, halinmu na gida muka taho da shi, mota sai wadda in ka tashi sayarwa ba za ta kwantar maka da kuɗi ba ko kuma ka sa ta a jirgin ruwa a kai Legas ko Kwatano. Mai yara biyar Sienna ce tasa, mai Uber kuma Camry. Masu a-kori-kura a cikinmu 'yan tsiraru ne, masu aikin gini da gyaran gida, da masu sayen motocin gwanjo suna janyo su da 'yar tirela zuwa tashar jirgin ruwa. Kuma duk wanda ya saya ya san ya sayo wa kansa aiki, domin daga ranar ya zama direban jama'a, wane zai tashi daga gida a kira shi, an ɗauki hayar ɗakin taro za a kai kujeru da manyan tukwane a kira shi, Babbar Sallah kuwa ba a magana, don a nan ba ka yanka rago a ƙofar gida, sai an fita bayan gari gonakin da ake sayar da dabbobi a yanka a can a feɗe, to shi ne zai kwaso naman gida huɗu biyar a cikin kuloli da ƙanƙara yana bi unguwa-unguwa yana saukewa. Ba a ba shi ko kwabo, kuɗin mai ma in ka miƙa sai ya ce haba dai. Ladan dai yana nan.

Sannan maganar kuɗi, wadda ita ce ba kwa gani a bidiyo. Yawancin sababbin motocin nan ba lakadan ake saye ba, bashi ne. Babba sabuwa mai gida biyu da ɗan kayan alatu ta haura dala dubu 50 cikin sauƙi, mutum ya ba da kafin alƙalami, sauran a raba masa wata 60 ko 72, wasu har 84, shekara bakwai kenan kana biya. Suna da wani maki da suke ba kowa gwargwadon yadda yake biyan bashi, daga 300 zuwa 850, in naka ya yi ƙasa kuɗin ruwanka ya yi sama. Ga harajin saye, a Texas kashi 6.25 cikin ɗari ne, ga inshora dole ko ka ƙi ko ka so. To mu inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin ruwan, an sha yin muhawara a kai bayan sallar isha'i har murya ta tashi, wasu su jira lokacin da kamfani zai yi tallan bashi ba ruwa ko sisi, wasu su shiga adashi in kwasarsu ta zo su sayi ta hannu mai shekara uku huɗu su biya a huta, wasu kuma su ce lalura ce su shiga. Ni dai ina ɓangaren masu adashi. Kai da za ka kai riɗinka Maigatari ranar Alhamis ko ka loda zuwa Dawanau a ƙirgo maka kuɗinka ka sayi motarka ba mai binka, wallahi ka fi da yawa daga cikin masu ɗaukar hoton nan kwanciyar hankali.

Yanzu laushin tafiya. Ba kujera ce ke kawo shi ba, a ƙarƙashin mota yake, a sifirin ɗin baya. Leƙa ƙarƙashin Hilux ko tsohuwar Fijo 504 irin ta kamfanin Kaduna da ake lodin kasuwa da ita za ka ga falle-fallen ƙarfe an jera an ɗaure, wannan don kaya aka yi shi, yana da tauri da gangan, shi yasa in ba kaya motar take ta tsalle tana dukan ƙugu, in ka ɗora mata buhu biyar shida kuma sai ta nutsu. Kamar amalanken shanu dai, in ba komai a kai ƙara da girgiza kamar zai tarwatse, in an lafta masa taki sai ya tafi sumul. Su kuma a nan da kamfanoni suka lura mutanensu ba kaya suke ɗauka ba sai suka fara sassautawa. Ram 1500 ce ta yi fice da wannan, tun 2009 suka cire falle-fallen suka sa naɗaɗɗen sifirin irin na ƙananan motoci, a 2013 kuma suka ƙaro mai jakar iska wadda ke ɗaga motar ta sauke ta da maɓalli, har tsoho ya hau ba sai an tallafe shi ba. Toyota ma ta bi sahu, Tundra da ake haɗawa a San Antonio nan kusa da mu ta koma naɗaɗɗe a 2022, Tacoma ma yawancin samfuranta daga 2024. F-150 da Silverado galibinsu har yanzu falle ne amma an yi shi da laushi, ga su da tsawo tsakanin tayar gaba da ta baya, shi ma tsawon yana shanye gargada. Wadda ta fi duka daɗin zama a ganina Honda Ridgeline ce, ita bodi da shasi a haɗe suke kamar ƙaramar mota, kowace tayar baya da nata motsin daban, sai dai 'yan Texas raina ta suke wai ba motar maza ba ce, kuma ƙasa-ƙasa take, ba zan ba ka shawararta ba a hanyar da tarakta ta kwakkwafe da damina.

Kowane laushi da abin da aka sadaukar aka same shi. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da aka liƙa mai nuna nauyin da motar za ta ɗauka, kuma har da mutanen da ke ciki ake lissafi. Za ka ga shirgegiyar mota ta cika hanya amma in mai kayan alatu ce abin da aka rubuta bai kai na Hilux ba, wadda ke ɗaukar wajen tan guda, buhu goma kenan masu kilo ɗari. Na san ku kuma, ba wanda zai tsaya a goma, za a ɗora sha biyar sannan yara su ɗare a sama, a tsaya a hanya a ɗauki wata tsohuwa da akuyarta don ba a wuce na gida. Mai jakar iska ba za ta jure wannan ba, ranar da jakar ta huje ko injin hura ta ya sha ƙura ya mutu motar durƙushewa za ta yi, bakaniken Gumel ya buga tagumi, a shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano a zaga ba a samu ba, ƙarshe ni za ka bugo wa in nemo in aiko ka yi wata kana jira. Falle kuwa in ɗaya ya karye ko a Gujungu an canza maka ka wuce.

Ka tambaya me yasa ban ce in turo Hilux daga nan ba, to babu ita a nan sam. Tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta, ga kuma wani tsohon haraji na kashi 25 cikin ɗari a kan motocin bodi da aka ƙera a waje, tun 1964 zamanin Shugaba Johnson, kuma abin dariya rigimar kaji ce ta jawo shi, Faransa da Jamus ta Yamma suka sa wa kajin Amurka haraji su kuma suka rama a kan motoci, kajin an manta da su harajin yana nan. Waɗanda ake kawo muku yawanci daga Tailan ne ko Afirka ta Kudu, wasu ta Dubai suke biyowa. Ka dai tabbatar sitiyarinta na hagu ne, don ƙasashen biyu na farko su a dama nasu yake, mu kuma tun 1972 muka sauya hannu.

Ga shan mai. Babbar mai silinda takwas lita ɗaya da kyar ta kai ka kilomita bakwai ko takwas, a nan ba a ji sosai, amma ku tun da aka cire tallafi a 2023 ka fi ni sanin yadda ake ji a gidan mai. Masu shan gas, wato dizal, na nan kuma an cika su da na'urorin tace hayaƙi da wani ruwa da ake zuba musu daban, man da bai da tsabta yana toshe su, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi tana tafe tana jan ƙafa. Ga faɗi, F-150 mai gida biyu ta kusa mita shida a tsawo, faɗinta mita biyu, ka tuna lungun gidanmu.

To abin da zan ce ka yi, nemi mai gida biyu cikin waɗanda aka saba da su a gida, Hilux ko Ranger ko D-Max ko L200, ka kuma duba Navara don wasu samfuranta masu gida biyu naɗaɗɗen sifirin ne a baya, ta ɗan fi laushi in ba kaya, sai dai ka fara tambayar masu kayan gyara a Kano ko suna da nata kafin ka miƙa kuɗi. Mai fowil ka ɗauka saboda yashi da taɓo. Kar dila ya ruɗe ka da manyan wili masu ƙyalli inci 20, taya siririya a kansu ba ta shanye komai, kowane rami sai ya iso bayanka, ɗauki inci 16 ko 17 mai kaurin roba. Sannan mai faci, su in ba ka yi magana ba iska suke ɗura wa taya har sai ta yi tauri kamar za ta fashe wai don lodi, to ranar da za ka kai Baba asibiti ba kaya ka sa a rage zuwa abin da aka rubuta a ƙofa, ka jefa buhu biyu na yashi ko taki a bodi daidai kan tayoyin baya, za ka sha mamakin bambancin. Baba kuma a gaba zai zauna, kujerar bayan waɗannan motocin a miƙe take tsaye kuma kusa da sifirin, duk dukan a can yake sauka, in ka sa shi a baya don girmamawa wahalar da shi ka yi.

Akwai ɗabi'a ɗaya ta nan da nake so ka ɗauka, ba a sayen mota sai an tuƙa. Ka shiga wurin dila ka nuna lasin su miƙo maka makulli, ka zaga ka dawo ka ce ba ta yi maka ba ka tafi wurin wani, ba mai jin haushi, mu ma da farko kunya muke ji kamar mun ci amanar mutum, yanzu har matar gida ake tafiya da ita ta zauna a baya ta faɗi nata. Na san a Kano da wuya dila ya bar ka ka fita da sabuwa a leda, amma ai ba a rasa mai irinta ba, wani ɗan kwangila ko wani Alhajin da kuke mutunci, roƙe shi aron awa ɗaya ka zuba masa mai, ka sauka daga kwalta ka hau burjin garinmu inda gargadar take, ka yi sawu ɗaya ba kaya sawu ɗaya da buhuna, ka sa Yaya Babba a baya tunda ita ba ta ɓoye magana.

In ka samu wadda ta kwanta maka ka ɗauko min hoton takardar jikin ƙofar da lambobin da ke jikin taya, da lambar shasi, zan duba maka ko da gaske sabuwa ce da kuma shekarar da aka ƙera ta kafin a yi maganar kuɗi. Ka gaida Baba da su Inna da yara duka.