Tsohuwar taswirar Legas da mai neman fili

Tambaya: Malam, ina sana'ar goro a Agege. An yi mini tayin fili a wajen Ajah, sai wani dattijo ya ce kada in biya sai na duba tsohuwar taswirar wurin. Me taswirar shekara sittin za ta amfana mini yau?

Amsa: Alhaji, dattijon nan ya yi maka gata. Sabuwar taswira tituna da gidaje take nunawa, ita kuwa tsohuwar tana nuna inda ruwa yake kwance kafin a zuba yashi.

Legas garin ruwa ne tun asali. Sunan ma Turawan Fotugal ne suka raɗa, ma'anarsa tafkuna. Bayan Ingila ta karɓe garin a 1861, safiyo suka yi ta awo, kuma gaɓar ba ta daina sauyawa ba. Ganuwar duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 ta tare yashin da igiyar teku ke kawowa daga yamma, sai teku ta dinga cin gaɓar da ake kira Bar Beach. A wurin ne aka yi cikon yashi don gina sabon birnin Eko Atlantic. Unguwar Maroko kuwa, an rushe ta a 1990.

Ka nemi taswira mai ma'aunin 1:50,000 ta wajajen 1960, wadda aka zana daga hotunan jirgin sama. A kanta, santimita 2 kilomita 1 ce. Ka ƙura ido sosai: 'yan alamu shuɗɗa kamar tushen ciyawa, fadama ke nan. Siririn layi shuɗi ƙorama ce, ko da yau kwata ta zama. Layuka masu ruwan ƙasa tudu suke nunawa, kuma a Lekki da Ajah da ƙyar za ka gan su, alhali a Agege da kake zaune ƙasar a ɗage take. Ina jin ciwon ganin mutum ya zuba gumin shekara ashirin a bakin tsohuwar ƙorama, damina ta farko ruwa ya kai masa gwiwa a falo.

Sai dai taswira ba takardar mallaka ba ce. Ka ɗauki safiyo mai rajista ya ɗora iyakokin filin a kanta, ya kuma bincika a ofishin safiyo na jiha ko gwamnati ta riga ta ƙwace wurin. Sannan ka je da ƙafarka a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka tambayi maƙwabta inda ruwan bara ya tsaya a bango.