Na ba shi rance muna shirin aure, yanzu ya ce kyauta ce

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. A lokacin da muke shirin aure da wani mutum, ya roƙe ni in ranta masa kuɗi domin ya ƙara jari, ya kuma yi alkawarin zai biya da zarar kasuwancin ya kankama. Na tura masa ta banki, amma ba mu rubuta komai ba saboda yardar da ke tsakaninmu. Maganar auren ta rushe, kuma da na nemi kuɗina sai ya ce ai kyauta na yi masa. Shin kotu za ta iya karɓo mini haƙƙina, ko wajen 'yan sanda ya kamata in nufa?

Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Rabuwarku ba ta kashe bashin ba, kuma rashin rubutu bai hana a kira shi bashi ba, domin yarjejeniyar rance da aka ƙulla da baki tana da ƙarfi a gaban shari'a. Sai dai tunda bai musa karɓar kuɗin ba, abin da alƙali zai so ya gano shi ne ko rance ne ko kyauta, kuma idan kika kai ƙara, galibi a kanki nauyin kawo hujja yake.

Takardar bayanan asusunki za ta nuna ranar da kuɗin suka fita da asusun da suka shiga, amma ba za ta nuna dalilin turawar ba, kuma alƙalai sun san cewa masu shirin aure kan yi wa juna kyauta. Saboda haka ki koma ga saƙonnin da ke tsakaninku na WhatsApp da na tes, ki nemo inda ya ce a ranta masa, ko inda ya ce zai biya, ko inda ya nemi a ƙara masa lokaci. Idan ya taɓa mayar miki da wani abu daga cikin kuɗin, ko yaya ƙanƙantarsa, wannan hujja ce mai nauyi, tunda ba a saba biyan kyauta ba. Kada ki goge komai, kada kuma ki sayar da wayar, domin a Najeriya, alal misali, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buƙaci a haɗa irin waɗannan saƙonni da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro su daga ciki.

Idan kotun shari'ar Musulunci kika je, ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida guda tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya. Ki tuna ko akwai wanda aka yi maganar rancen a gabansa, ko wanda mutumin ya taɓa amsa masa cewa kina bin sa.

Batun 'yan sanda kuwa, ki bar shi. Bashi rikici ne tsakanin mutum da mutum, kuma sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Wanda aka tsare saboda bashi yana iya juyowa ya yi ƙarar wanda ya sa aka kama shi, ya nemi diyya.

Matakin farko shi ne ki aika masa da takardar neman biya, wadda ta ƙunshi adadin kuɗin, da ranakun da kika tura, da wa'adin da kika ba shi, ba tare da zagi ko tonon abin da ya raba ku ba. Sau da yawa amsar da mutum zai bayar ita ce ke zama hujja a kansa, musamman idan ya rubuto yana neman a yi masa haƙuri. Idan wa'adin ya cika bai biya ba, ki tambayi rajistaran kotun da ke yankin da yake zaune ko akwai kotun ƙananan basussuka, inda ba dole ne ki ɗauki lauya ba matuƙar kuɗin ba su haura iyakar da aka ƙayyade ba. Kada ki yi jinkiri, domin a Ingila da jihohin Najeriya da dama shekara 6 ne wa'adin shigar da irin wannan ƙara a kotunan gama-gari.

Ki sani kuma cewa samun hukunci daban, kuɗi su shigo hannu daban. Idan ya ƙi biya, sai kin sake neman kotu ta umarci bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa, ko a kama kadarorinsa a yi gwanjonsu, kuma duk wannan sai idan yana da abin da za a kama. Don haka idan ya nemi sulhu a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, ina ba ki shawara ki karɓa, da sharaɗin a rubuta adadin da ranakun biya, a miƙa wa alƙali ya mayar da sulhun hukuncin kotu.