Ruwan na'urar tsotse danshi a tankin kifin ado

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce na'urar tsotse danshi da ka ajiye a ɗaki tana cika maka bokiti kusan kullum, ruwa garau kamar na roba, kana ganin asara ce a riƙa zubar da shi alhali ruwan tankin kifinka na ja baya. Shawarata ita ce kada ka zuba musu. Na taɓa yi, kuma har yau abin yana damuna.

Lokacin ina aiki a Fatakwal ne, garin da takalmi ke yin fumfuna a cikin sif idan damina ta zauna. Ina da tanki mai cin lita 80, da ƙananan kifayen ado da ake kira gupi da moli, da 'yan katantanwa masu share gansakuka. Duk sanda ruwa ya ragu sai in ɗauko bokitin na'urar in cike. Kusan wata biyu ban ga komai ba. Katantanwar ce ta fara nuna alama: suka daina hawa gilashi, suka kwanta a ƙasa sun rufe baki, da na ɗaga ɗaya sai na ga gefen ƙoƙonta ya yi fari ya zaizaye. Ana nan sai wani dare muka fesa maganin sauro a ɗakin kwana muka ja ƙofa, na'urar na ciki tana aiki. Da safe na juye ruwanta a tankin da ke falo. Kafin azahar gupi sun taru a sama suna haki, biyu sun juya ciki.

Daga baya na gane yadda abin yake. Na'urar tana zuƙo iskar ɗaki ne ta bi da ita ta kan bututu masu sanyi, danshin ya taru ya ɗiga cikin bokiti, kamar yadda jikin gorar ruwan sanyi ke yin gumi. To duk abin da ke yawo a iskar nan yana iya bin ɗigon: ƙura, fumfuna, hayaƙin girki, turaren wuta, feshin sauro. Irin maganin da ke cikin gwangwanin feshi kuwa, ɗan kaɗan ya ishi kifi. Ga bututun galibi na jan ƙarfe ne da alminiyam, kuma jan ƙarfe yana narkewa a hankali cikin ruwan. Shi ne ke fara kashe katantanwa da jatan lande tun kifi bai nuna komai ba. Ka kuma lura, ruwa ne kawai ke tashi daga tanki, ƙarfen yana zama, saboda haka duk cikon da ka yi ƙara tara shi kake yi.

Ko da a ce na'urar tsaf take, akwai matsala ta biyu. Ruwan nan ba shi da gishirin ƙasa, babu kalsiyam babu magniziyam, babu abin da ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kada ya faɗi. Gupi da moli kifayen ruwa mai nauyi ne, katantanwa kuma da kalsiyam take gina ƙoƙonta. Wanda ya canza ruwan tanki da shi kacokan zai ga tsamin ruwan yana hawa da sauka, kifi su yi ta yaushi ba ciwon da ake gani.

Wani zai ce a tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe. Ita ma 'yar na'urar TDS, mai auna yawan abubuwan da suka narke a ruwa, kada ta ruɗe ka; za ta nuna lamba ƙasa sosai, amma ba ta ganin maganin sauro. Wannan hukuncin ya hau kan ruwan da ke ɗiga daga AC, wanda mutanenmu ke tarawa a jarka da damina, don hanyarsu ɗaya.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wahala. Ruwan famfo nake tarawa a bokiti buɗe, kwana ɗaya ko biyu, kulorin ya fice. Inda ake sa wa ruwan famfo kuloramin, wani maganin tsaftace ruwa da ba ya ficewa da sauri kamar kulorin, ajiyewa ba ta wadatarwa, sai an ɗiga maganin gyaran ruwa da masu sayar da kifin ado ke sayarwa. Kowane mako ina kwashe kashi ɗaya cikin huɗu in mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Ruwan na'urar kuma goge-goge da ban-ɗaki da furanni yake tafiya, ba na zuba shi a kayan miya.

Idan ka riga ka zuba, kada ka juye tankin gaba ɗaya, firgita kifayen za ka yi. Riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana biyu har sau huɗu ko biyar, ka sa gawayin tace ruwa a matatar, ka ƙara wa ruwan iska. Sannan ka sa ido kan katantanwa in kana da su. Ranar da suka koma hawa gilashi, ruwan ya fara dawowa daidai. Allah ya raya maka su.