Saki, nafaƙa da igama: amsa ga 'yar'uwarmu ta Jidda

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Kin ce ke da maigidanki duk 'yan Najeriya ne, shi ya kawo ki Jidda a ƙarƙashin igamarsa, wato katin izinin zamansa a Saudiyya, kuna da yara biyu, ya yi miki saki ɗaya da baki, ya daina kawo cefane, yanzu kuma yana cewa zai buga miki huruj, wato bizar fita daga ƙasar. Kina tambaya me ya rage miki.

Da farko ki raba abu biyu da matanmu ke yawan haɗawa. Nafaƙa da riƙon yara suna hannun kotun iyali, wato Mahkamatul Ahwalis Shakhsiyya. Zamanki a ƙasar kuwa yana hannun Jawazat, hukumar fasfo da izinin zama. Alƙali zai iya yanke miki kuɗi, amma hukuncinsa ba ya sabunta igama, Jawazat kuma ba ruwanta da wanda ya cuci wani a cikin aure. Ke murafiƙ ce, wato mai zama a ƙarƙashin igamar wani, zamanki rataye yake da auren. Daga wayarsa, ta Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, zai iya fitar miki da huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe, wanda yawanci kwana 60 yake ba mutum ya fice. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, a yi shi tun igamar tana da rai.

Sakin bakin nan shi ne matsala ta farko. Dokar iyali ta Saudiyya da aka fitar a 2022 ta wajabta wa miji ya rubuta sakin a hukumance cikin kwana 15 daga ranar da ya zama ba'ini, wato babu sauran kome. Tun 2019 ma ana turo wa mace saƙo a waya idan an rubuta sakinta, amma fa sai layin yana da rajista da sunanki. Idan da lambar igamarsa aka yanki layin, yau ɗin nan ki yanki naki, ki buɗe Absher da Nafath, manhajar tantance mai shiga shafukan gwamnati, da shi, don ba a shiga Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, sai da su. Idan ya ƙi rubutawa, ke kina da damar shigar da ƙarar isbatut ɗalaƙ, wato tabbatar da saki. Ki adana saƙon WhatsApp ko muryar da ya ambaci sakin, da sunayen waɗanda suka ji. Kada ki zauna a tsakiya, ke ba matar aure ba, ke ba sakakkiya a takarda ba, domin a haka ake cinye wa mata lokaci.

Kafin wannan ma akwai takardar aure. Idan a gida aka ɗaura kuma da ita aka yi miki biza, to a tantance take, ki nemo kwafinta. Waɗanda ke shan wuya su ne masu auren unguwa, wanda malami ya ɗaura a Shara Mansur ko Karantina babu wata takarda. Su sai sun fara tabbatar da auren kansa a kotu kafin a saurari zancen nafaƙa.

Yanzu kuɗin. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. A nan ba a raba dukiya biyu, ba kuma a ɗora wa tsohon miji ciyar da ke har abada. Abin da kike ji na Amurka, inda wanda ya ɗauki nauyin zaman matarsa yake sa hannu a takardar da ke bin sa ko bayan saki, babu irinsa a tsarin igama. Abin da kike da shi a karan kanki shi ne ci da sha da tufafi da muhalli har iddarki ta cika, tunda saki ɗaya ne mai kome. A kula, a gida mun saba lissafin tsarki uku, dokar nan kuwa jini uku take ƙirgawa. Idan saki ne ba'ini babu nafaƙar idda, sai mai juna biyu har ta haihu. Sai ragowar sadaki idan akwai ajalan da bai biya ba. Sai kuma bashin ciyarwar da ya tsallake kuna tare, amma kotu ba ta sauraron abin da ya wuce shekara 2 kafin ranar shigar da ƙara.

Mai nauyin shi ne haƙƙin yara, kuma a nan nake so ki tsaya da ƙafarki. Abincinsu, suturarsu, wurin kwanansu, makaranta da magani duk a wuyan uba suke, ko da ke kina da sana'a. Abin da kika kashe musu daga aljihunki kina iya bin sa, sai dai shekara 1 kawai ake komawa baya. Duk watan da kika ƙara kina jiran dangi su sasanta, wani watan yana zubewa ta can baya.

Ana shigar da ƙara ta Najiz, kuma shari'o'in iyali ba a biyan kuɗin kotu a kansu. Yawanci za a fara tura ku sulhu ta dandalin Taradhi. Kada ki raina wannan zaman. Takardar sulhun da aka sa wa hannu a can tana da ƙarfin hukunci, ana kai ta kotun zartarwa kai tsaye. Don haka kada a rubuta "zai riƙa kula da yaransa". A rubuta riyal nawa, ran nawa ga wata, a wane asusu, wa zai biya haya, wa zai biya makaranta, fasfo ɗin yara a hannun wa. Idan sulhu ya ƙi, a ƙarar ki nemi nafaƙa mu'aƙƙata, ta wucin gadi, wadda alƙali zai iya yankewa kafin a gama shari'a. Mata da yawa ba su san da ita ba, su yi ta cin bashi ana ɗaga zama.

Alƙali yana duba buƙatar yara da ƙarfin uba, kuma takarda yake karantawa. Ki je da kwantiragin haya na Ejar (dandalin rajistar haya na gwamnati), rasit na makaranta, na asibiti, na madara da famfas idan akwai ƙarami, da sunan inda yake aiki. Inda ake samun tangarɗa shi ne mazan da albashinsu na takarda kaɗan ne, ainihin samunsu kuwa yana wajen hidimar alhazai ko aika kaya gida. Idan haka ne, tsofaffin tura kuɗin da yake yi miki ta banki su ne shaidarki. Ki yi lissafi da kyau tun farko, don ba a sauraron neman ƙari sai bayan shekara 1 da hukunci, sai da wani dalili na musamman. Idan aka yanke ya ƙi biya, sai Mahkamatut Tanfiz, wato kotun zartarwa. Bashin nafaƙa yana gaban sauran basussuka, ana iya cire shi daga albashi har zuwa rabinsa. In kuma kin ga alamar shi ma haɗa kaya yake, ki nemi a hana shi fita.

Za a iya zuwa miki da tayin "ki yafe komai, ya bar miki igama". Ki yi hattara. Kowane murafiƙ riyal 400 ake biya masa a wata tun Yulin 2020, wato 4,800 a shekara. Mutumin da ya hana cefane, da wuya ya ɗore da wannan, kuma alkawarin ba shi da inda za ki kai ƙararsa. Haka idan aka ce ki mayar da abin hul'i: sadakinki za ki mayar, nafaƙar idda ta tafi. Haƙƙin yara dai da riƙonsu doka ta hana a sa su cikin fansar hul'i, ko wa ya matsa miki.

Riƙo naki ne a matakin farko, sannan uba, sannan kakarsu ta wajen uwa. Barin gidan miji ba ya zubar da shi. Yaro in ya kai 15 yana zaɓa. Ki karɓi takardar riƙo a hukumance. Sai dai ga ƙullin: igamar yaran tana ƙarƙashin ubansu, kuma mai riƙo ba ya fita da yaro waje fiye da kwana 90 a shekara sai da yardar ɗayan. Ke nan za a iya fitar da ke, yaran da kotu ta ba ki suna nan. Don haka maganar komawa gida da su a rubuta ta ƙarara cikin sulhun, ko a sa ta gaban alƙali tun yanzu.

Hanyoyin ci gaba da zama kaɗan ne. Ko ki sami wurin aiki da zai ɗauke ki a mayar da igamarki kansa, wanda yawanci sai mai gidan ya amince ta Absher, shi ya sa ya dace a sa wannan ma cikin sulhu. Ko, idan mahaifinki mazauni ne, a nemi Jawazat ta mayar da ke ƙarƙashinsa. Ga sauran 'yan'uwa masu karantawa: wadda ta haifa wa ɗan ƙasa, da auren da aka yi da izinin hukuma, hukuncinta daban ne. Tun 2013 uwar 'ya'yan Basa'ude tana da igama ba kafili, gwamnati ke ɗaukar kuɗinta.

Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki ɓuya bayan igama ta mutu. Banki zai rufe asusun da za a riƙa zuba miki nafaƙar, inshorar asibiti ta tsaya, ƙarshenta tarhil, wato a kama ki a mayar da ke gida. Idan tafiyar ta zama dole, kafin ki tashi ki yi wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz ga lauya ko amintaccen ɗan'uwa ya ci gaba da bin shari'ar. Ki karɓi takardar sakin, a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, ki kai ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda su ma su tantance, don za ki buƙace ta a gida. Idan ya riƙe fasfonki, su za ki sanar. Idan kuma abin ya kai ga duka ko kulle ki a ɗaki, ki kira 1919, layin kai rahoton cin zarafi a cikin gida ne.