Tambaya da Amsa: Da gaske ne an yi makarantar tuƙin jirgin ruwa a Sagres?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri kan zuwan Turawan Fotugal gaɓar Afirka ta Yamma. Na ce Yarima Henry na Fotugal ya kafa makarantar tuƙin jiragen ruwa a Sagres, sai mai duba aikina ya ja mini jan layi, wai in sake babin. Saura mako uku in miƙa, hankalina a tashe yake. Ba haka yake a littattafai ba?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, amma gaskiya malaminki ya faɗa miki.

Sagres wani harshen dutse ne da ya kutsa cikin Tekun Atalantika a ƙarshen kudu maso yammacin Fotugal, ba inuwa, iska ba ta hutawa. Kusa da shi akwai tsinin São Vicente, inda gangaren ya kai wajen mita 75 a miƙe. A ƙarni na 12 masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya ambaci wannan tsini da sunan Kanisatul Gurab, wato Cocin Hankaki. Henry ya yi gine-gine a Sagres, can kuma ya rasu a 1460. Wannan duk tabbas ne.

Makaranta fa? Babu takarda ko ɗaya ta zamaninsa da ta ambace ta. Ba sunan malami, ba na ɗalibi, ba harsashin aji. Marubutan da suka zo daga baya ne suka ƙaga, masu yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora suka ɗauka suna ci da ita. Su nuna maka da'irar duwatsun nan mai faɗin mita 43 a cikin ganuwar Sagres, su ce nan aka koyar da sanin iskoki. Ina hujja? Shiru. Kullum sai na goge wannan tatsuniya a takardun ɗalibai, har na gaji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da take rufewa. Daga tashar Lagos ta Fotugal jiragen suke tashi, kuma a nan ne a 1444 aka sauke mutum 235 da aka kamo a gaɓar Muritaniya ta yau. Zurara, marubucin fada, ya bayyana yadda iyaye mata suka ƙanƙame 'ya'yansu ana ɓamɓare su, Henry yana bisa doki yana kallo. Kusan ɗaya bisa biyar ya karɓa, mutum 46. A ce 'yar Afirka ce za ta rubuta shi a matsayin shugaban makaranta? Haba!

Ki cire makarantar, ki gina babin a kan Lagos da 1444. Mako uku ya ishe ki.