Minti ɗaya ya isa a ƙirga jini?

Tambaya: Malam, na kai ɗana gwajin jini a wani asibiti nan Gombe. Ko zama ban gama yi ba aka miƙo mini takarda, wai injin leza ne. Anya ya duba da kyau? In ya duba, me ya sa kuma aka ce sai an yi gwajin maleriya daban? Daga wata uwa, Jekadafari.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki, saurin nan ba ha'inci ba ne. Lokacin da na fara wannan aiki, da ido muke ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, guda 100 kacal, har ido ya kawo ruwa. Injin nan dubbai yake ƙirgawa kafin ki gyara mayafi.

Kin lura da kwalbar nan mai murfi shunayya? Akwai maganin hana jini daskarewa a cikinta. Injin yana zuƙar ɗan kaɗan, ya tsarma shi, ya tura ta wata siririyar hanya, inda ƙwayoyin ke bi ɗaya bayan ɗaya kamar tumaki a ƙofar shinge. A nan hasken leza yake gicciye. Kin san yadda ƙura ke bayyana a zaren hasken rana da ya shigo ta hujin kwano? To haka. Duk ƙwayar da ta gifta sai ta watsa hasken. Wanda ya watsu gaba yana nuna girmanta, wanda ya fantsama gefe kuma yana tona abin da ke cikinta. Da wannan kwamfuta ke raba fararen ƙwayoyi gida biyar. A jikin babba ana sa ran 4,000 zuwa 11,000 a kowace mikrolita ta jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita; na yara da nasu ma'aunin, kada ki gwada takardarsa da taki.

Ba kowane inji ke da leza ba, ko da an faɗa miki. Ƙananan da yawa suna kan dabarar Wallace Coulter, Ba'amurken da ya yi mata rajista a 1953, wadda ke ƙirga da wutar lantarki. Ita leza sai 1960 aka ƙera ta. Irin waɗannan ƙananan injuna marasa leza yawanci gida uku kawai suke raba fararen ƙwayoyi. Ki duba takardar, za ki gane.

Batun maleriya kuwa, sun yi daidai. Ƙwayar cutar tana ɓuya ne a cikin jajayen ƙwayoyi. Wasu injuna kan nuna alamar shakka, amma ni ba na sa hannu sai an shafa jinin a gilashi, an rina, na gan ta da idona, ko an yi gwajin tsinke na maleriya, wanda ake ɗiga wa jini. Haka ma sikila, gwajinta daban ne.

Ki haɗa takardun biyu ki kai wa likita tare, kada ki fara ba shi magani tukuna.